Bokitin Ruwan da Na Zuba wa Jan Dutse

Ranar Lahadin da ta wuce ina kan kujerar aski a Mount Hope, ɗaya daga cikinku ya tambaye ni wane aiki na yi da ya cinye mini gwiwa haka. Na ce karatun duwatsun kabari. Kuka kwashe da dariya, har wani ya ce, "Baba Inuwa, for real biyanka ake yi? Ai snap kawai za ka yi da phone, two minutes ka gama." Ban tanka ba, don aska tana kusa da kunnena a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Wanda Hausarsa ba ta kai ba ya kai wa babarsa ta karanta masa.

Ni ɗan zangon Kumasi ne. Na zo New York da niyyar tuƙin tasi kamar kowa, sai dai ni da sitiyari ba mu taɓa jituwa ba. Aikin da na samu shi ne yankan ciyawa a maƙabartar wani tsohon coci can gabashin Bronx. Sai ka hau jirgin ƙasa mai lamba shida, ka wuce Parkchester, ka ƙara da tafiyar ƙafa. Cocin ya tsufa sosai, wasu kaburburan cikinsa sun girmi ita kanta ƙasar Amurka. 'Yan'uwa suka sa ni gaba da tsiya: "Ei, Inuwa, musulmi da kai, aikin church?" Na ce musu ciyawa nake yanka, ita kuwa ban taɓa jin tana da addini ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan rubutu. A gida, a zamaninmu, in an binne mutum sai a kafa itace ko fasasshiyar tukunya, bayan damina biyu sai wanda ya je jana'izar ne zai iya nuna wurin. Nan kuwa kowa da dutsensa, da sunansa, da na matarsa, wani ma har da irin ciwon da ya kashe shi. Wasu duwatsun kuma sun shafe tas, ba abin da ido ke gani a kai.

Wata safiya cikin rani wata tsohuwar Baturiya, doguwa siririya, ta shigo tana jan wani dogon madubi, irin wanda mata ke jinginewa a bangon ɗaki. Sunanta Misis Helen, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ke kula da tsofaffin takardun cocin. Ta yafito ni, ta ce in kashe inji in zo in riƙe mata madubin. Ta tsaya gaban wani farin dutse da na yi wata biyu ina kewaya shi da injin ciyawa, na kuma rantse babu komai a jikinsa. Ta ce in koma gefe, in tare hasken rana in karkato shi a hankali har ya shafi fuskar dutsen daga gefe. Ina karkatawa sai ga haruffa suna fitowa, layi bayan layi, kowane da 'yar inuwarsa. Na ce, "La'ilaha illallahu!" har madubin ya kusa suɓuce mini. Ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Kada ka motsa."

To, ku masu waya, ku je ku ɗauki hoton wannan dutsen ku kawo mini. Farin abu kawai za ku gani. Rubutun da ya sha ruwan sama shekara ɗari biyu, inuwa ce ke nuna shi, kuma sai ka san inda za ka tsaya da lokacin da rana za ta ba ka haɗin kai. Dutsen da ke kallon gabas da hantsi ake karanta shi. Wanda ke ƙarƙashin bishiya sai an yi masa madubi biyu, wannan ya miƙa wa wancan haske. In an yi hadari kuwa, sai ka tattara kayanka ka je ka yi shara.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubi, buroshi mai laushi irin na fenti, 'yar kwalbar fesa ruwa, tsinken katako na cire gansakuka, fensir, littafi mai layi-layi, da tsohon matashin kujera na durƙuso. Abubuwan da aka hana sun fi yawa: ba alli, ba sabulu, ba buroshin ƙarfe, ba jingina da dutse ko bayanka zai karye. Duwatsun ma kowane da halinsa. Baƙin nan mai santsi kamar allo mutumin kirki ne, yana riƙe rubutu har abada. Farin yana narkewa a hankali, haruffan su yi ta kumbura har su ɓace. Jan dutse mai yashi-yashi kuwa shi ne abin tsoro. Daga waje lafiya lau, amma in ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji sauti kamar na ganga, to fuskarsa ta riga ta rabu da jikinsa, jira kawai take.

Wata uku na yi ina riƙe madubi kafin Misis Helen ta ba ni fensir. Dutsen farko da na kwafa na wani kaftin ɗin jirgin ruwa ne. Layin sama ya ci, amma ai kusan duk duwatsun wancan layin da kalmomi iri ɗaya suke farawa, sai na cike gurbin da abin da na sani. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta duba littafin, ta duba dutsen, ta ɗora yatsa a kan layin farko.

"Wannan ka gani ne, ko ka sani ne?"

Na ce, "Madam, ai kowa ya san abin da ke wurin."

"Ban aike ka wurin kowa ba. Wurin dutse na aike ka."

Ta yage shafin, ta ninke, ta sa a aljihu. Daga ranar na koyi cewa harafin da ba ka gani ba ɗigo ake sa masa. In mai sassaƙa ya yi kuskure, kai ma ka kwafe kuskuren yadda yake. Inda layi ya ƙare a dutse, nan naka zai ƙare. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba, har na gaya wa matata cewa tsohuwar nan ta fi malamin makarantar allonmu tsanani, shi aƙalla yakan yi dariya ranar Alhamis. Amma ban taɓa ganin wanda ke girmama aikinsa kamar ta ba. Takan yi awa biyu a durƙushe kan kalma ɗaya, ta tashi da ɗigo uku, ta kuma koma gida ranta fari.

A ɗakin ƙasa na cocin akwai wani tsohon littafi da take buɗewa da safar hannu. Wani lauya ne ya rubuta shi da hannunsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ba wanda ya sa shi. Shi kaɗai ya bi maƙabartar layi-layi, ya kwafe duwatsun waje da allunan tunawa da ke manne a bangon cikin cocin, har da zanen kan mala'ika da ƙoƙon kai da ke saman wasu. Duwatsu da yawa da ya karanta yanzu sun shafe, in ba don shi ba da masu su sun tafi ke nan. Aikinmu shi ne mu bi sawunsa, mu ga abin da ya rage, mu ƙara abin da ya tsallake. Na gwada aikinsa da dutse sau ba adadi, da ƙyar na kama shi da kuskure biyu, kuma duk lokacin da na taɓa littafin sai in ji kamar ina gaisawa da babban malami. Laifinsa ɗaya ne. Manyan gari ya ba su shafi-shafi, amma da ya zo kusurwar arewa, bayan katanga, layi ɗaya tak ya rubuta, cewa akwai wasu ƙananan duwatsu na bayi da barori. Ko suna ɗaya bai ɗauka ba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Wani zai taso daga wata jiha mai nisa da tarin takardu, yana so kakansa ya zama janar, mu nuna masa cewa baduku ne, ya tafi yana hararar mu kamar mu muka zaɓa masa sana'ar. Wata za ta zo ta zauna gaban dutse ta yi shiru awa guda, ta tashi ta yi mana godiya. Misis Helen tana da wata ƙa'ida game da su: ita kaɗai ke jin sunan da mutum yake nema, ni ba ta gaya mini sai na gama karatu. Ta ce in ido ya san abin da ake so, zai samo shi ko babu.

A shekarata ta uku da fensir, cikin kaka, Mista Kalbin ya zo. Baƙar fatar Amurka ne daga Harlem, tsohon direban bas, ya doshi tamanin. Kullum da hula da takalmi mai sheƙi, kuma ɗan'uwa yake kirana. Shekara goma sha ɗaya yana neman kabarin kakar kakarsa, wadda aka bautar a wata gona kusa da nan tun Bronx tana daji. Ya bi coci-coci, ofis-ofis, kusurwar arewar nan ce ta rage masa. Ya shiga ofis ya gaya wa Misis Helen sunan, ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗan'uwa, ba ni da sauran lokaci mai yawa. Ka duba mini da kyau." Na ce in Allah ya yarda.

Wannan ce shekarar da ba na son tunawa. Cikin Nuwamba aka yi wa Misis Helen aiki a gwiwa. Kafin ta tafi ta ce in share ƙaya da ganyen da suka rufe kusurwar arewa, in ta dawo mu fara karatu tare. Kwana huɗu ina sara. Yawancin abin da na tarar duwatsun gona ne kawai, babu rubutu ko kaɗan. Ran Juma'a da hantsi na janye wata kurangar ganye mai yaɗo, sai ga jan dutse, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, ya ɗan karkace, laka ta toshe fuskarsa. Ta ƙarƙashin lakar na hangi alamar haruffa.

Mu a gida in ka je ziyarar kabari ka tarar da shi a wulaƙance, sai ka cire ciyawa ka yayyafa masa ruwa. Tausayi ne, ba wani abu ba. Na tsaya ina kallon dutsen nan da ba wanda ya kula da shi tun kafin a haifi kakana, zuciyata ta karye. Cikin rani mun sha fesa wa duwatsu ruwa, Misis Helen da kanta ta koya mini. Sai na ga 'yar kwalba ba za ta yi wa wannan laka komai ba. Na je famfo na cika bokiti, na zo na tuttula shi a hankali daga sama, har na ga ruwan yana shigewa ta wata tsaga a kan dutsen, na ce madalla, ciki ma ya wanku.

Lakar ta zube, rana ta bugi jiƙaƙƙen dutsen, rubutun ya fito sarai. Ba aikin gwani ba ne. Haruffan sun karkace, wasu manya wasu ƙanana, kamar da ƙusa aka yi ta ƙwarzanawa. Layi huɗu ne. Na karanta su da ƙarfi sau biyu. Littafina yana ofis, hannuna duk laka, na duba agogo na ga in ban tashi yanzu ba, zan rasa sallar Juma'a a masallacin Grand Concourse. Na ce gobe da safe na kwafa, ai dutse ba ya gudu.

Kun taso a garin nan, kun riga kun gane. Ni ma a lokacin na yi shekaru a nan, na san ƙanƙara tana fasa famfo, na sha zamewa a kanta. Amma mutumin da ya girma a Kumasi, jikinsa bai yarda cewa ruwa zai iya fasa dutse ba. Sanyi ya sauko a ranar, ruwan da na ɗura a tsagar ya daskare ya buɗe ta. Da na zo ran Asabar, fuskar dutsen gaba ɗaya tana ƙasa. Ƙasan ya farfashe gutsu-gutsu, saman kuwa, inda sunan yake, ya zama jan gari a cikin ciyawa. Dutsen da ya jure shekara ɗari biyu na ƙanƙara da ruwan sama, ni na kashe shi da bokiti ɗaya.

Na zauna a ƙasa. Ba wanda ya san dutsen nan yana nan sai ni, kuma da na share garin na yi shiru, da har yau ba mai tambaya. Na yi wannan tunanin, Allah ya gani. Sai na tashi na shiga ofis na buga wa Misis Helen waya a gadon jinya.

Ta saurare ni har na gama. Na jira faɗa. Ta ce, "Ka karanta shi kafin ya faɗi?"

"Sau biyu, Madam."

"To kada ka ƙara yi mini magana. Kada ka yi wa kowa magana. Ɗauki fensir yanzu ka rubuta abin da ka gani, layi-layi, yadda yake a dutsen. Inda kake shakka ka sa ɗigo. Ka sa rana, ka sa hannu, ka rufe a ambulan. Sannan ka je ka kwashe gutsattsarin, ko wanda bai kai farce ba."

Ban sa ɗigo ko ɗaya ba. Wanda ya yi hadda yana yaro ya san yadda layi ke zama a ka in an karanta shi da ƙarfi. Na rubuta, na rufe a ambulan.

Duk lokacin sanyin nan a ɗakin ƙasa muka yi shi. Muka zuba yashi a faffaɗan tire, muna jera gutsattsarin a kai, ita a kujera da ƙafarta a miƙe, ni a tsaye da ɗan hantsaki. Wata rana gutsure biyu kawai za mu haɗa. Ba ta taɓa goranta mini ba. Sau ɗaya ta ce laifinta ne da ba ta gaya mini zancen sanyi ba, na ce a'a, ni na ɗauko bokitin, ta ce to mun raba, miƙo mini wancan. Zuwa Maris layi uku na ƙasa sun haɗu. Sai a ranar ta buɗe ambulan ɗin, ta gwada. Harafi da harafi suka yi daidai, har da wani da mai sassaƙar ya juya baibai. Layin farko kuwa babu shi a tire. Sunan yana takardata ne kawai, da cikin kaina.

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta kira Mista Kalbin.

Ya zo ran Talata da sanda, ya rame fiye da yadda na san shi. Misis Helen ta nuna masa tiren, ta gaya masa duk abin da ya faru ba ragi, har da bokitin. Sai ta ce tana da aiki a sama, ta bar mu mu biyu. Ya cire hula ya sunkuya kan yashin, ya karanta abin da ya rage: matar Kato, mai shekara ashirin da shida, mijinta ne ya kafa wannan da hannunsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Fibi ake kiranta," in ji shi. "Kakar kakata. Ba mu san sunan mijinta ba." Ran nan na fara jin sunan. "Ɗan'uwa, kai kaɗai ka gani a duniya. Fibi ce?"

Na ce, "A'a, Baba. Dina aka rubuta."

"Dutsen a jiƙe yake. Kana sauri. Ido yakan ruɗe."

Ƙofa ya buɗe mini, na gane. Da na ce wataƙila, da ya koma gida da kakarsa, ni kuma da ɓarnar da na yi ta zama alheri. Dattijo ne marar lafiya yana roƙona kalma ɗaya, kuma ni na jawo babu dutsen da zai ƙaryata ni. Ban taɓa son yin ƙarya kamar ranar ba.

Na ce, "Haruffa biyar ne da Turanci, har da H a ƙarshe, Baba, na ga kowane ɗaya. Dina ce. Ka yafe mini."

Ya zauna a kujerar Misis Helen. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Can ya laluba aljihu ya fito da takardar da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo da ita, ya juya bayanta, ya ce in ara masa fensir.

"Faɗa mini kuma. A hankali."

Na faɗa, ya rubuta. Ya ninke takardar ya mayar aljihun ƙirji.

"Da ka ce Fibi ce, da ka binne wannan sau biyu," in ji shi. "Mutumin nan da ƙusa ya zauna ya yi wa matarsa wannan. Ita ma tana da nata mutanen, wataƙila suna can suna bin coci-coci kamar ni. Ka ajiye musu ita da kyau."

Mista Kalbin ya rasu bai sami Fibi ba. Misis Helen ma ta rasu, ni na riƙe littattafan bayanta har gwiwata ta ce ya isa. A cikin duwatsun da na kwafa duka, shafin Dina ne kaɗai babu dutse a bayansa. A ƙasan shafin akwai bayani da hannuna, ni na roƙa a sa shi: an karanta ranar Juma'a, mutum ɗaya ne ya gani, shi ne kuma ya lalata dutsen da ruwa.

Har na bar aikin ba wanda ya zo nemanta. Littafin yana ɗakin ƙasa, takarda kuwa na ga yadda take ƙarewa, ni ma na haura saba'in. Shi ya sa dariyarku ba ta dame ni ba, kunnuwanku nake so. Dina, matar Kato, mai shekara ashirin da shida, tana kusurwar arewa bayan katanga, jan dutse marar fuska, na uku daga bishiya. Yanzu ba ni kaɗai na sani ba.